Ranar da Na Ce Ban Sani Ba a Paikon Kore

Tun da na dawo daga Abuja ba a bar ni na huta ba. A ƙofar masallaci, a majalisarmu ta bayan la'asar, har a barandar asibiti tsakanin ɗakin mata da na maza, tambayar ɗaya ce: "Dakta Sabi'u, wai me aka yi ne a Abujar nan?" Na ba da labarin har na gaji da jin muryata, kuma na lura duk lokacin da na maimaita shi sai na ƙara wa kaina gishiri. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi tun gaskiyar tana nan da sauranta.

Tafiyar ba ni na neme ta ba. Metiron Asabe, shugabar nas-nas ta asibitinmu, ita ta cike takardar neman shiga, ta kawo mini in sa hannu kamar takardar sallamar mara lafiya. Wasu masu bincike ne za su gwada magungunan hawan jini iri biyu, suna neman asibitocin karkara da za su shiga. Kowane asibiti zai aika likita ɗaya ya yi mako guda ana horar da shi, a ƙarshe a jarraba shi. Wanda ya faɗi, an cire asibitinsu ke nan. Wanda ya ci, mutanen garinsu za su samu awon jini duk wata da maganin da ba ya yankewa.

Ni kuwa kalmar gwaji ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Mu mutanen ƙasar Kano muna da tsohon tabo a kan wannan magana, kowa ya san shi, ba sai na tona ba. Na ture takardar na ce mata ba zan mai da mutanena ɓerayen ɗakin bincike ba.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta girme ni da shekara takwas, kuma ba ta taɓa bari na manta ba.

"Dakta, ai kullum gwaji kake yi a kansu," in ji ta. "In wannan ƙwayar ba ta yi ba ka canza wata. Bambancin kawai ba ka rubutawa, kuma ba ka tambayarsu. Je ka dubi Yaya Ubale, sannan ka dawo ka ture mini takarda."

Nan ta taɓa ni inda yake ciwo. Yaya Ubale wana ne, shi ya riƙa goya ni a keke zuwa firamare. Shekara uku da suka wuce na auna shi na ga jininsa ya hau, na rubuta masa magani, na dafa kafaɗarsa na ce, "Sha wannan, an gama, ba abin da zai same ka." Da ciwon kai ya matsa masa bayan wata biyar, ba wanda ya kawo shi asibiti, don ai Dakta ya ce ba abin da zai same shi. Ɓarin jikinsa ya shanye, yanzu yana zaune a tabarma, hannun hagu a cinya kamar ajiyar wani. Tun daga lokacin bai ƙara yarda na auna shi ba. In na ɗauko abin awo sai ya juya fuska bango.

Na sa hannu.

Ranar Lahadi bayan asuba na shiga motar haya daga Kano, na samu kujerar gaba. Ba mu kai Kwanar Ɗangora ba direba ya ji ana ce mini dakta a waya, shi ke nan mota ta koma asibiti. Wata Hajiya mai shagon atamfa a kasuwar Wuse ta kawo ƙarar gwiwarta. Wani Bazazzage da muka ɗauka a Zariya ya ce kunnensa yana kuka. Direba kansa ya ce in ya ci wake idonsa na hagu yana rawa. Na ba kowa amsa nan take, babu inda-inda, har da mai waken. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki ban taɓa ce wa mara lafiya ban sani ba. A wajenmu in ka faɗi haka, kafin ka rufe baki ya isa wurin mai maganin bakin kasuwa, wancan mai lasifika da ya san komai daga basir har aljanu. Da shi muke gasa, don haka mu ma muka koyi irin muryarsa.

A Tafa muka tsaya muka ci shinkafa da miya mai yajin da ya sa Hajiya ta manta da gwiwa. Daga nan sai shingen jami'an tsaro kusa da Zuba, wanda shi ne iyakar Abuja a wurin matafiyi, ko da yake ba a tambayar fasfo. Wani jami'i mai ƙaton ciki ya buɗe jakata ya ga abin awon jini.

"Oga, kai dokita ne? Abeg duba ni, kai na yana juyawa tun safe."

A gefen titi na naɗa masa, motoci na wucewa, bindigarsa a ɗaya kafaɗar. Jinin ya hau ƙwarai. Na rubuta masa takarda na ce ya je asibiti a ranar. Ya sara mini, ya ɗaga mana hannu, direba ya ce daga yau duk tafiyar da zai yi sai ya nemi likita ya zauna gaba.

An sauke mu a wani otal a Gwagwalada, mutum biyu a ɗaki. Aka miƙo mini kati a madadin makulli. Ƙofa dai na buɗe ta da taimakon Allah, amma na tarar babu wuta, fanka shiru, na'urar sanyaya ɗaki shiru. Na cire babbar riga na zauna ina fifita da takardar gayyata, ina cewa ashe Abujar ma haka take. Na fi awa guda a haka kafin abokin ɗakina ya shigo, ya karɓi katin daga hannuna, ya zura shi a wani ɗan rami kusa da ƙofa. Komai ya kama.

Sunansa Dakta Tanko, mutumin Abaji, matashi mai kwat da ƙamshin turare, Hausarsa rabi Turanci. Bai yi mini dariya ba sai da ya shiga banɗaki, na kuwa ji shi.

Abincin otal ɗin bai riƙe ni ba. Da safe shayi da yankan burodi biyu masu kaurin takarda, da rana shinkafa da ganye ɗanye. A rana ta biyu na zagaya baya na sami wani Bakatsine mai shagon kayan masarufi, shi ya nuna mini inda ake tuwon masara da miyar kuka. Shi ne kuma mutum na farko a garin da ya amsa mini gaisuwa har ƙarshenta. Sauran, in ka ce ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya sun sha kwana.

Mai koyar da mu Farfesa Bola ce, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Garin Kano, gajeriya, Hausarta ta fi ta Tanko nesa ba kusa ba. Mu goma sha huɗu ne. Ranar farko ta raba mana tambayoyi ta ce kada kowa ya rubuta suna. Wa ke zaɓar maganin da za a ba wanda ya shiga gwaji? Na rubuta likita. Wanda ya sa hannu zai iya fita daga baya? Na rubuta sai da izinin likita. Ta tattara ta riƙa karantawa a fili, na sunkuyar da kai, sai na ga kawunan da ke sunkuye sun fi goma. Duk abin da yawancinmu muka sani game da gwajin magani lacca ɗaya ce a makaranta, ita ma ana gab da jarrabawa.

Ta tambaye mu me ya hana mu shiga irin wannan aiki tun da. Wani ya ce marasa lafiya ɗari ke jiransa kullum, yaushe zai cike takardu. Wata ta ce tsoron bakin mutane. Tanko ya ce shi a shirye yake, in dai sunansa zai fito a mujalla. Ni na ce ban yarda da abin ba tun daga tushe.

Ba ta yi fushi ba. Kwana uku ta yi tana warware mana. Magungunan biyu duk an daɗe ana amfani da su, duk hukuma ta amince da su. Ɗaya ƙwaya guda ce da safe, ɗaya ƙwayoyi biyu ne a rarrabe. Abin da ba a sani ba shi ne wanne ya fi yi wa mutanenmu aiki. Saboda haka ba likita ke zaɓa ba, na'ura ce ke jefa ƙuri'a, don kada son rai ko alfarma su shiga. Akwai kwamitin da ke tsaye a kan haƙƙin marasa lafiya, yana iya tsayar da aikin kowane lokaci.

"In kun san wanda ya fi, zalunci ne ku yi gwajin," in ji ta. "In ba ku sani ba, ku gaya wa mutumin ba ku sani ba."

Na ɗaga hannu. "Farfesa, a garinmu in likita ya ce bai sani ba, ya kori mara lafiyarsa da hannunsa."

"To Dakta Sabi'u, Alhamis tana zuwa," ta ce, ta ci gaba da darasinta.

Ranar Alhamis aka kwashe mu a bas zuwa wani ƙaramin asibiti a gefen Paikon Kore, inda aka riga aka fara binciken. A hanya na ga mata suna tafe da kayan itace da doya a kafaɗa, kai kuwa babu komai. Na ce wa Tanko ashe da gaske ne Gwarawa ba sa ɗaukar kaya a ka. Ya ce in ce Gbagyi, haka suke kiran kansu, kuma a wurinsu kai ya fi ƙarfin a mai da shi abin dako. Na tuna matan garinmu da tulu a ka.

Jarrabawar ita ce kowannenmu zai zauna da mai hawan jini ɗaya, ya yi masa bayanin binciken, ya nemi yardarsa. Farfesa za ta zauna a kusurwa ita da nas ɗin asibitin. Ba wanda ya ce mana cin jarrabawa shi ne mutum ya yarda, amma dukkanmu haka muka ɗauka. Likita ne fa, an ba shi mara lafiya ɗaya tal, ya kasa shawo kansa?

Tanko ya riga ni shiga. Ina kan benci a waje ina jiyo shi ta taga. "Baba, wannan magani correct ne. Ka yi sa'a da aka zaɓe ka." Minti biyar bai cika ba ya fito yana gyara kwat. Haka sauran suka riƙa fitowa da fara'a, kowa ya samu nasa.

Ni aka haɗa ni da Mama Ladi, manomiyar doya, za ta yi shekara sittin, tafin hannunta kamar bayan itace. Na gaishe ta, na fara karanto bayani. Ta bar ni na yi nisa sannan ta ɗaga yatsa.

"Likita, tsaya. Magani biyu ne ka ce. Wanne za ka ba ni?"

"Ba ni zan zaɓa ba, Mama. Ƙuri'a za a jefa."

"To kai da ka yi makaranta, wanne ya fi kyau?"

Amsar tana bakina, a shirye, irin wadda na ba mai waken a mota. Da na ce ƙwaya gudan ta fi, da an wuce wurin. Na dubi hannuwanta biyu a kan tebur, dukansu suna motsi, sai na ga hannun Yaya Ubale a cinyarsa, na kuma ji muryata tana cewa an gama. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba tun ranar da na fara yanka ciki.

Na ce, "Mama, ban sani ba."

Ta ja baya ta ƙare mini kallo. "Kai likita ne ko direban bas ɗin?"

Na ji nas ta ƙunshe dariya. Na ce likita ne ni, kuma babu likitan da ya sani a duk ƙasar nan, shi ya sa ake binciken. Na ajiye takardar na yi mata bayani kamar yadda zan yi wa gyatumata. Na gaya mata abin da kowane maganin kan jawo, jiri ko tari ko kumburin ƙafa. Ta yi ta tambaya. In ta ƙi, za a daina duba ta a asibitin nan? Na ce ko kusa. In ta shiga ta gaji fa? Na ce ta fita ranar da ta ga dama, ba mai tambayarta dalili. Sau nawa za ta zo? Na ce duk wata, har shekara.

Ta yi lissafi da yatsu. "Yarinya na zai haihu a Bwari. Zan tafi can, wata uku, wata huɗu. Doya kuma yana jira na. Ni ba zan shiga ba."

Wallahi na so in lallashe ta. Na san kalmomin da zan faɗa ta sa hannu, na daɗe ina amfani da su. Ga Metiron Asabe a raina, ga layin mutanen garinmu. Na haɗiye, na ce, "Shi ke nan, Mama. Allah Ya sauke ta lafiya."

Ta miƙe har ta kai ƙofa, sai ta dawo. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wata 'yar leda mai ƙwayoyi a ciki.

"Wannan nas ya ba ni tun damina. Kai ya daina ciwo, na daina sha. In ban sha ba akwai matsala? Ko shi ma ba ka sani ba?"

"Wannan na sani, Mama," na ce. Na gaya mata hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum, na ba ta labarin wana da hannunsa. Ta saurara har na gama. Ta nemi ruwa, nas ta kawo, ta haɗiyi ƙwaya ɗaya a gabanmu.

"Tunda wannan ka ce ka sani," ta ce, ta ɗaure ledar ta fita.

Minti arba'in na yi a ɗakin, ni kaɗai kuma na fito hannu wofi. An yi mana sakwara da miyar agushi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, mai laushin da ban taɓa cin irinta ba, amma rabinta na bari a kwano. Tanko ya dafa ni. "Oga, kar ka damu, wataƙila za a yi second batch." Da yamma na kira Metiron na ce ta yi haƙuri, na zubar mana. Ta ce in dai dawo lafiya. Wannan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Ranar Juma'a da safe Farfesa ta shigo da takarda ɗaya. Ta ce akwai abin da ba ta gaya mana ba. Duk wanda muka gama da shi, nas takan ja shi gefe ta yi masa tambaya uku: wa zai zaɓar maka magani, an san wanda ya fi, kana iya fita in ka so? Yawancinsu amsa ɗaya suka bayar, cewa likita ya ce mai kyau ne. Duk irin waɗannan ba a karɓi yardarsu ba, sai da ma'aikatan asibitin suka sake yi musu bayani daga farko.

"Mutum huɗu ne kawai suka amsa duka ukun daidai," ta ce. "Uku sun shiga. Ɗaya ta ƙi, kuma ta fi kowa sanin abin da ta ƙi."

Ta karanta sunayen asibitoci huɗu. Namu ne na biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da nake tafiya a asibiti kamar hakimi, sai ga ni ina rungumar Tanko, hulata a ƙasa. Shi ba ya cikin huɗun, an ce sai ya sake horon kafin a karɓi asibitinsu, amma ya ɗauka da kyakkyawar zuciya, ya ce in ya tashi maimaitawa wurina zai zo ya koyi rashin sani. Daɗin da na ji a wannan safiya ban ji irinsa ba ko ranar da aka ba ni takardar zama likita.

Da za mu rabu Farfesa ta tare ni a bakin ƙofa. "Yaya, Dakta Sabi'u, ka kori Mama Ladi?"

"Ta tafi, Farfesa," na ce, "amma da magani a cikinta."

A hanyar dawowa wani fasinja ya tambaye ni me ke sa tafin ƙafarsa zafi. Na ce ban sani ba sai an auna shi. Ya dubi direba kamar an cuce shi a kujera.

Metiron Asabe ta riga ta ji labari kafin in iso. Na tarar ta sa an share ɗakin ajiyar da ke kusa da ɗakin magani, an kafa tebur da benci biyu. Ba ta ce mini sannu da ƙoƙari ba. Ta ce ai ta san za a yi haka, shi ya sa ta cike takardar.

Daga asibiti gidan Yaya Ubale na wuce, jakata a hannu. Yana kan tabarmarsa a zaure. Na ba shi labarin katin otal ya yi dariya da rabin baki. Na ba shi na Mama Ladi ma. Can ya ɗaga hannun hagun da na dama, ya sake shi ya faɗi a cinya, ya yi mini tambayar da yake yi mini duk wata tun shekara uku. Kullum amsata ita ce zai dawo, saura kaɗan.

"Sabi'u, hannun nan zai dawo?"

"Yaya, ban sani ba," na ce. "Da ma can ban sani ba. Abin da na sani, in ba mu kula da jinin nan ba, zai iya taɓa ɗayan."

Ya dubi jakar da ke hannuna. Sannan ya kama bakin hannun rigarsa na dama da haƙora, ya ja shi sama, ya miƙo mini damtsen.

"Auna," ya ce.